Rayuwata Bayan Hoton Zuciya Ya Nuna Ɗakin Hagu Ya Faɗaɗa

Ina da shekara 43 a duniya lokacin da hoton zuciya ya nuna cewa ɗaya daga cikin ɗakunan zuciyata ya faɗaɗa fiye da yadda ya kamata, kuma tun daga wancan lokaci nake tare da wannan lalura, ina shan magani, ina zuwa aikina, ina komawa asibiti duk sa'ad da lokacin dubawa ya yi. Abin da ya sa na ga dacewar rubuta labarina shi ne yawan mutanen da na tarar a wajen jiran likita riƙe da takardar sakamako irin tawa, waɗanda iyakar abin da suka ji shi ne zuciyarsu ta kumbura, suka koma gida suna lissafin kwanakin da suka rage musu. Faɗaɗar ɗakin zuciya abu ne da na'ura ke gani ta auna, amma abin da yake nufi ga rayuwar mai shi yana rataye ne a kan wasu tambayoyi: wane ɗaki ne, ya kai nawa, yaya ƙarfin bugun yake, kuma mene ne ya jawo shi. Sai da na samu amsar waɗannan ɗaya bayan ɗaya hankalina ya kwanta.

Abin ya fara ne da gajiya wadda hutu ba ya kawar da ita. Daga nan na lura cewa matakalar benen da na saba hawa ina hira ta koma sai na tsaya a tsakiya na maida numfashi, da yamma takalmina yana matse mini ƙafa, da dare kuma sai na ƙara matashin kai kafin barci ya yiwu. Akwai daren da na farka a firgice kamar an danne mini ƙirji, na tashi na zauna a bakin gado har numfashin ya daidaita. Likitan da na fara gani ya saurari ƙirjina, ya auna jinina ya tarar bai hau ba, sannan ya aika ni ɗaukar hoton ƙirji. A hoton, inuwar zuciyata ta wuce rabin faɗin ƙirjin, wanda shi ne ma'aunin da ake amfani da shi wajen zargin girman zuciya. Ya yi mini adalci da ya ce inuwa ba ta isa a yanke hukunci da ita ba, domin tana iya yin girma idan an ɗauki hoton ta gaba, ko mutum bai ja numfashi sosai ba, ko kuma ruwa ne ya taru a jakar da ke lulluɓe da zuciya. Saboda haka ya rubuta mini gwajin da ma'aikatan asibiti ke kira eko.

Na'urar eko 'yar'uwar wadda ake duban ɗan tayi da ita ce. Tana aika sauti mai tsananin siranta wanda kunne ba ya ji, sautin ya bugi bangon zuciya da ƙofofinta ya dawo, kwamfuta ta mayar da shi hoto mai motsi. Babu allura, babu yanka, babu kuma irin hasken da ke cikin hoton ƙirji. An sa ni na kwanta a gefen hagu, aka shafa mini wani mai mai sanyi, ma'aikacin ya riƙa danna kan na'urar tsakanin haƙarƙarina yana cewa in riƙe numfashi, in saki. Daga baya na karanta cewa wani likita mai suna Inge Edler da wani masanin kimiyyar lissafi da sauti mai suna Hellmuth Hertz ne suka fara ganin motsin zuciya ta wannan hanya a garin Lund na ƙasar Suwidin a 1953, da wata na'ura da suka aro daga masana'antar ƙera jiragen ruwa a Malmo, wadda asalin aikinta gano tsaga ne a cikin ƙarfe. Abin da ya dame ni a ranar kuwa shi ne shirun da ma'aikacin ya yi da ya zo ɓangaren hagu, da yadda ya maimaita awon wuri ɗaya. Na tambaye shi ko lafiya, ya ce likita ne zai yi mini bayani. A lokacin na ji haushin amsar, amma yanzu na san ita ce daidai, domin mai ɗaukar hoton bai san tarihina ba, bai kuma ga sauran gwaje-gwajena ba.

Tsakanin karɓar takardar da ganin likitan zuciya akwai tazara, kuma wannan tazarar ce mafi wahalar duk abin da na shiga. Takardar cike take da lambobi da gajerun haruffa, ni kuwa abu biyu kawai na iya tsinta: ɗakin ƙasa na hagu ya faɗaɗa, aikinsa kuma ya ragu. Na shiga intanet na tarar da alƙaluman mace-mace masu tayar da hankali, waɗanda daga baya likita ya nuna mini cewa da yawansu an tattara su ne tun kafin a samu magungunan da ake amfani da su a yau. Maiɗakina ta ga na daina cin abinci, ta ce mini: "Abban yara, takardar nan ba kai aka rubuta wa ba, likita aka rubuta wa. Ka bari mu kai masa ya karanta mana." Tare muka je, kuma ina shawartar duk wanda zai ji irin wannan bayani ya tafi da wani nasa, domin mai ciwo rabin magana yake ji.

Likitan zuciyar ya ɗauki farar takarda ya zana ɗakuna huɗu, biyu a sama, biyu a ƙasa. Ya ce na sama suna karɓar jini, na ƙasa suna harba shi. Ɓangaren dama yana tura jini zuwa huhu ya ɗauko iska, ɓangaren hagu kuma yana karɓar wanda ya dawo daga huhu ya tura shi zuwa ga jiki baki ɗaya. Kowane ɗaki yana da dalilansa na faɗaɗa. Ɗakin sama na hagu yakan buɗe ne idan matsin jini ya daɗe yana yi masa yawa, kamar a hawan jinin da ya shekara ba a shawo kansa ba, ko idan ƙofar da ke tsakaninsa da na ƙasa ta ƙuntata ko tana yoyo, ko kuma idan bugun zuciya ya rikice na tsawon lokaci. Ɗakunan dama sukan faɗaɗa saboda ciwon huhu mai daɗewa, ko hawan jini a jijiyoyin huhu, ko gudan jini da ya toshe su, ko wata ɓula da aka haifi mutum da ita tsakanin ɗakunan sama. Nawa kuwa ɗakin ƙasa na hagu ne, wanda ya fi kowanne kauri da aiki.

Sannan ya shiga lambobin. Ya ce ana auna faɗin wannan ɗaki a lokacin da ya cika da jini, kuma a ƙa'idar da ƙungiyoyin masana hoton zuciya na Amurka da Turai suka fitar a 2015, na namiji baligi yakan kasance tsakanin milimita 42 zuwa 58, na mace kuma 38 zuwa 52. Nawa ya kai 65. Ya ƙara da cewa ana duba girman jikin mutum kafin a yanke hukunci, domin faɗin da ya dace da ƙato mai tsawo yana iya zama ya yi wa ƙaramar mace yawa, shi ya sa ake raba wasu awon da faɗin fatar jiki. Alal misali, ɗakin sama na hagu ana ɗaukarsa lafiyayye idan cikinsa bai wuce mililita 34 a kan kowace murabba'in mita ta jiki ba. Ya kuma bambanta mini abubuwa biyu da mutane ke haɗawa. Akwai zuciyar da bangonta ya yi kauri alhali cikinta bai buɗe ba, kamar yadda ake yawan gani ga masu hawan jini, akwai kuma wadda cikinta ya buɗe, bangon yana nan yadda yake ko ma ya sirance. Kaurin bangona milimita 9 ne, wato yana cikin iyaka. Matsalata buɗewa ce.

Lambar da ta fi muhimmanci ita ce wadda suke rubutawa da haruffa biyu, EF, wato kason jinin da ɗakin ke fitarwa a kowane bugu daga cikin wanda ya shiga. Lafiyayyar zuciya ba ta juye duk abin da ke cikinta. Idan ɗakin ya ɗauki kimanin mililita 120, yakan fitar da kusan 70, saura ya jira bugu na gaba. Don haka kashi 52 zuwa 72 cikin 100 shi ne daidai ga maza, 54 zuwa 74 ga mata. Nawa 30 ne. Na ce masa: "Likita, ke nan kashi 70 na zuciyata ya mutu?" Ya girgiza kai ya ce: "A'a Malam, ba daga ɗari ake ƙirgawa ba. Mai lafiya ma sittin yake fitarwa. Kai kana fitar da kamar rabin nasa ne, kuma tsokar tana raye, rauni ta yi." Na sha jin masu irin ciwona suna wannan lissafi na kuskure a wajen jira, kuma ina ganin ya kamata kowane likita ya fara da warware shi tun kafin a tambaye shi.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina, wanda na yi ta komawa kansa a karatuna, shi ne dalilin da ya sa zuciya mai rauni ke faɗaɗa. Ashe da farko dabara ce ta ceton kai. Otto Frank a Jamus a ƙarshen ƙarni na 19, da Ernest Starling a Ingila a farkon ƙarni na 20, sun nuna cewa idan tsokar zuciya ta miƙe saboda ƙarin jinin da ya shige ta, takan matsa da ƙarfi fiye da da. Saboda haka idan tsokar ta raunana, jiki yakan riƙe gishiri da ruwa ta hanyar ƙoda don ɗakin ya ƙara cika, ya kuma saki sinadaran da ke hanzarta bugu da matse jijiyoyi don jini ya ci gaba da isa ƙwaƙwalwa. Ɗakin da ya faɗaɗa, ko da kashi 30 kawai yake fitarwa, yana fitar da shi ne daga jini mai yawa, shi ya sa mutum zai iya yin shekaru yana harkokinsa bai san komai ba. Sai dai dabarar tana da iyaka, kamar robar da aka yi ta ja har ta saki ta daina komawa. Akwai wata doka ta lissafi da ake dangantawa da Laplace, masanin Faransa, wadda ta nuna cewa gwargwadon faɗin ɗaki, gwargwadon nauyin da bangonsa ke ɗauka kafin ya samar da matsi iri ɗaya. Wato buɗewar tana ƙara wa tsokar wahala, wahalar tana ƙara mata rauni, raunin kuma yana ƙara buɗewa. Har ila yau, idan ɗakin ya buɗe yakan ja zoben ƙofar da ke samansa, ƙofar ta kasa rufewa sosai, jini ya riƙa komawa baya ya cika ɗakin sama da huhu. Wannan ne ya bayyana mini dalilin da ya sa kwanciya ke toshe mini numfashi: jinin da ya taru a ƙafafu da rana yana dawowa ƙirji idan na miƙe a kan gado, zuciyar kuma ba ta iya kwashe shi. Da na fahimci haka, na daina jin alamomin a matsayin abin da ke auko mini ba dalili, na kuma gane abin da kowane magani yake ƙoƙarin katsewa.

Neman musabbabin ya ɗauki lokaci. An yi mini gwajin ECG, mai zana tsarin bugun zuciya a takarda, aka kuma maƙala mini wata 'yar na'ura da ta naɗi bugun zuciyata dare da rana, domin bugu mai sauri da ya daɗe yana iya faɗaɗa zuciya, kuma idan aka gyara shi takan koma. An auna jinina don duba ƙarancin jini, da suga, da aikin ƙoda da hanta, da sinadarin ƙarfe, da aikin ƙullin maƙogwaro da ake kira tayirod. An duba jijiyoyin da ke shayar da tsokar zuciya kanta aka tarar ba su toshe ba, wanda ya kawar da ɗaya daga cikin manyan dalilan wannan ciwo. An tambaye ni ko ina shan giya, ko na taɓa karɓar maganin ciwon daji irin su doxorubicin, ko na yi wani zazzaɓi mai ciwon ƙirji kafin abin ya fara, domin wasu ƙwayoyin cuta sukan kumbura tsokar zuciya su bar ta da rauni. Babu ko ɗaya. Likitan ya ambata cewa ba kowace faɗaɗa ce ciwo ba: masu tseren dogon zango sukan samu manyan ɗakuna masu bugu da ƙarfi, mai juna biyu ma zuciyarta takan ɗan buɗe saboda jininta yana ƙaruwa da kusan rabi, duk da cewa akwai wani nau'in raunin zuciya na gaske da ke kama wasu mata a ƙarshen ciki ko watannin farko bayan haihuwa. Daga ƙarshe ya ajiye alƙalami ya tambaye ni yadda mahaifina ya rasu.

Ina yaro aka yi rasuwar, abin da na tashi da shi kawai shi ne ya yi jinya. Na je wajen mahaifiyata na ce: "Inna, ku yi haƙuri zan tayar muku da tsohon miki. Wane irin ciwo ne ya yi ajalin Baba?" Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce ƙafafunsa da cikinsa sun kumbura, kuma a watanninsa na ƙarshe a zaune yake kwana, jingine da bango, domin da zarar ya kwanta numfashi ke sarƙe shi. Bai cika hamsin ba. Ta kuma tuna mini da ƙanensa, wanda ya yanke jiki ya faɗi yana tsakiyar ƙarfinsa ba tare da an san yana da wani ciwo ba. Da na kai wa likita wannan labari ya ce ya ishe shi ya ɗauki ciwona a matsayin na gado. Ya yi bayanin cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na masu irin wannan faɗaɗa da ba a samo mata wani dalili ba suna da dangi mai ita, kuma a mafi yawan iyalai, idan uwa ko uba na ɗauke da canjin ƙwayar halittar, kowane ɗa yana da rabin yiwuwar gadarsa, ko da yake ba duk wanda ya gada ne ciwon ke bayyana gare shi ba. Wanda aka fi samu shi ne canji a ƙwayar da ke ƙera taitin, furotin mafi girma da aka sani a jikin ɗan Adam, wanda ke ba tsoka damar miƙewa ta dawo. Wani bincike da aka wallafa a 2012 ya same shi a kusan kashi 25 cikin 100 na masu ciwon ta hanyar gado.

Nan nauyin ya tashi daga kaina ni kaɗai ya koma kan gidanmu. Shawarar likitoci ita ce a yi wa iyaye da 'yan'uwa da 'ya'yan mai ciwon gwajin ECG da eko ko da ba sa jin komai. Ƙanwata ta amsa nan take, aka kuma tarar ɗakinta na hagu ya fara wuce iyaka, ƙarfin bugun ya ɗan sauka, alhali ba ta taɓa jin ko gajiya ba. An sa ta a magani tun kafin ruwa ya taru mata a huhu, kuma a ganina wannan ita ce babbar ribar da ciwona ya jawo. Yayanmu kuwa ya ƙi. Ya ce mini: "Kai dai ka ji da naka. Ni lafiyata ƙalau, ba zan je a tono mini abin da ke kwance ba." Na ce: "Yaya, abin da ke kwance ai shi ne ya tashi da Baba, kuma shi bai samu wanda zai nuna masa ba." Bai amsa ba a ranar, kuma ban matsa masa ba, domin na san tsoron da ke bayan maganarsa, ni ma na ɗanɗana shi.

Maganin da aka ɗora ni a kai rukuni huɗu ne, waɗanda a yau su ne ginshiƙin kula da zuciyar da ƙarfin bugunta ya sauka zuwa 40 ko ƙasa da haka. Na farko yana sassauta jijiyoyi ya kuma toshe sinadaran da ke sa jiki riƙe gishiri. An fara mini da wanda ya sa ni busasshen tari, aka canza mini zuwa haɗin sacubitril da valsartan. Na biyu shi ne bisoprolol, mai rage saurin bugu. Na yi mamakin a ce za a rage wa zuciya mai rauni gudu, likita ya ce su ma likitocin da sun daɗe suna ɗaukar irin wannan magani a matsayin haɗari ga masu ciwon, har sai da wasu likitoci a Suwidin suka gwada shi a 1975, manyan gwaje-gwaje na ƙarshen shekarun 1990 kuma suka tabbatar yana tsawaita rai. Na uku spironolactone ne, wanda ya sa mini ciwo a nono kamar yadda yake yi wa wasu maza, aka maye gurbinsa da eplerenone. Na huɗu shi ne dapagliflozin, wanda asalinsa maganin ciwon suga ne kafin a nuna a 2019 cewa yana amfanar masu raunin zuciya ko ba su da suga. Ban da waɗannan akwai furosemide mai sa fitsari, wanda ya sauke mini kumburi cikin ɗan lokaci. Shi ne wanda majinyaci ya fi jin amfaninsa a jiki, amma sauran huɗun ne ke gyara zuciyar a hankali, kuma na ga mutanen da suka riƙe shi kaɗai suka watsar da sauran saboda ba su ji suna yi musu komai ba.

Da kaɗan-kaɗan aka fara, ana ƙarawa ana auna hawan jini da aikin ƙoda da sinadarin fotasiyam na cikin jini. Makonnin farko sun zo da jiri idan na miƙe da sauri, da kasala wadda ta sa na yi zaton baya nake komawa, amma ta wuce. An koya mini in hau ma'auni kowace safiya bayan na yi fitsari, kuma idan nauyina ya ƙaru da fiye da kilo 2 cikin kwana 3 in kira asibiti, domin ruwa ne ke taruwa. An ce in rage gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ƙasa da giram 5 a rana ta shawarci kowane baligi. An hana ni magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac saboda suna sa jiki riƙe ruwa suna kuma wahalar da ƙoda, aka ce duk abin da wani ya ba ni da sunan maganin zuciya in nuna shi tukuna, kuma masu bayarwar suna da yawa, kowa da kyakkyawar niyya. Abin da ban zata ba shi ne umarnin in riƙa tafiya a ƙafa kullum gwargwadon da zan iya magana ba tare da haki ba. Dangi suna so in kwanta, likita yana so in motsa, kuma likitan ne ke da gaskiya.

An yi mini maganar wata na'ura da ake dasawa a ƙarƙashin fatar ƙirji, wadda ke gano rikicewar bugu mai kisa ta gyara shi da wutar lantarki. Ana duba yiwuwar dasa ta ne ga wanda EF ɗinsa ya tsaya a 35 ko ƙasa bayan aƙalla wata 3 yana shan cikakken magani, kuma labarin ƙanen mahaifina ya sa likita ya ɗauki batun da muhimmanci. Da aka maimaita hoton, faɗin ɗakin ya sauko zuwa 60, EF ya hau 41. A hoton da ya biyo baya faɗin ya zama 57, EF kuma 48, yoyon ƙofar ya ragu ƙwarai saboda zobenta ya tsuke. Hoton MRI, wanda ake ɗauka da na'urar maganaɗisu, bai nuna tabo a tsokar ba, don haka aka jingine maganar dashen, ana dai ci gaba da sa ido a kan bugun. Akwai lokacin da sakamako ya nuna 45 bayan 48, na shiga damuwa, likita ya buɗe hotunan biyu gefe da gefe ya nuna mini cewa kusan ɗaya suke. Awon eko yana bin hannun mai ɗauka da kusurwar da ya riƙe na'ura da yawan ruwan jikin mutum a ranar, saboda haka bambancin 'yan maki ko milimita biyu ba ya nufin wani abu ya canza. Alkiblar da lambobin suka dosa cikin shekaru ita ake karantawa, tare da yadda mutum yake ji a jikinsa, shi ya sa nake ajiye kowace takarda a wuri ɗaya in tafi da su duka.

Da sauƙi ya samu na tambayi likita ko lokacin rage magani ya yi. Ya ba ni labarin wani gwaji da aka yi a Landan, aka wallafa shi a mujallar Lancet a 2019, inda aka ɗauki mutum 51 masu irin ciwona waɗanda zuciyarsu ta koma daidai a hoto kuma ba su da wata alama, aka janye musu magani a hankali ƙarƙashin kulawa. Cikin wata 6, kusan kashi 40 cikin 100 ciwon ya dawo musu. Ya ce: "Malam, maganin ne ke riƙe da ita a inda take. Abin da ya raunana ta tun farko yana nan." Ban ji daɗin amsar ba, domin babu mai son a ce masa zai sha ƙwaya har ƙarshen rayuwarsa, amma hujjar ta fi ƙarfin son raina.

Maiɗakina ta haddace alamomin da idan ta gani ba za mu jira ranar ganin likita ba: suma, ko bugu mai tsananin sauri da ya ƙi tsayawa, ko ciwon ƙirji, ko haki ina zaune, ko karkacewar baki da mutuwar ɓarin jiki, domin jini yana iya daskarewa a cikin ɗakin da ba ya matsawa sosai ya tafi ƙwaƙwalwa. An duba manyan 'ya'yana ba a ga komai ba, amma an gaya mana cewa hoto mai kyau sau ɗaya ba ya rufe maganar, tunda ciwon yakan bayyana a kowane mataki na rayuwa, don haka za a riƙa maimaita musu duk bayan 'yan shekaru, 'ya'yana mata kuma za su sanar da likita tarihin gidanmu duk ranar da suka samu juna biyu. Yaya ya je daga baya, bayan da ya ga sakamakon ƙanwarmu. Faɗin ɗakinsa milimita 51 ne, EF ɗinsa 62, kuma an rubuta masa ranar da zai koma a sake dubawa.